Ƙwayar da Ba Ta da Rami

Gefen kogin Tsomo,
3 ga Maris, 1997

Zuwa ga ɗana Velile,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da mutanen jirginku. Ya ruwa, ya tukwane? Mu nan ƙalau, masara ta nuna. Ni ce MaGaba mai magani, wadda matarka take hannunta, in ka manta, don rabona da ganin rubutunka tun Kirsimeti.

Bayan gaisuwa, nemi wuri ka zauna. Nowinile ta ga dabba.

Kada ka yi saurin tashi rawa. Ka san ƙa'ida. Shekara huɗu ke nan tana gidana shafe da farar ƙasa, tun da ciwon kira, wanda kakanni ke kiran mutum da shi zuwa aikin duba, ya raba ta da aikin koyarwa, kuma ba za ta koma ɗakinta ba sai kakanninku sun nuna mata dabbar da za a yanka a mayar da ita gida. Kullum da safe ina burga mata saiwa a gwangwani, ta sha kumfa har cikinta ya yi ƙugi. Ta yi mafarkin kogi, ta yi mafarkin kakarka tana zuƙar lofe, amma dabba ko wutsiya.

To, watan jiya wani Bature ya zo Komani da a-kori-kura yana raba wa shagunan magani wata 'yar farar ƙwaya. Wai ta masu duba ce, wai ta fi saiwa sauri, wai hukuma ta yarda. A fili ake sayar da ita, tsakanin sabulu da man zafi. Abokan sana'ata duk sun ruɗe a kanta. Ni ma ba zan ɓoye maka ba, son sani ya ja ni na sayi kwali ɗaya, na soke shi a rufin ɗaki ina nazari. Ran da na tafi jana'iza matarka ta zaro ɗaya ta haɗiye. Na dawo na same ta zaune a bakin garke, ga dariya ga hawaye, wai ciyawa tana numfashi. Ta ce ta ga jan sa mai karyayyen ƙahon hagu. Ka san shi, ai naka ne.

Na yi mata faɗan da har kaji suka watse. Amma faɗa bai warware komai ba.

Duk saiwar da na haƙa na san sunanta, na san dutsen da take fitowa, kuma ba na barin raminta sai na zuba fararen duwatsun wuya na yi godiya. Maganin da ba a gode wa raminsa ba, mafarkinsa sata ne. Wannan ƙwaya ban san uwarta ba, ban san ubanta ba. Na tambayi mai shago ina ake haƙo ta, ya ce ƙetare. Ƙetare gari ne?

Kai ne mai yawon ƙetare. Ga kwalin nan babu komai a ciki, ga duwatsu bakwai. Nemo inda take tsirowa, ka gaishe ta da sunan zuriyarku ta Jola, ka zuba su a ramin. In ka yi haka na karɓi abin da ta gani, ka zo ka ɗauki matarka. In kuwa ba ta da rami, ganin ya tashi a banza, mu koma gwangwani ko shekara nawa zai ɗauka.

Ka huta lafiya.
MaGaba


Baltimore, Amurka,
22 ga Afrilu

Zuwa ga Inna MaGaba,

Gaisuwa da ban girma. Na durƙusa daga nesa. Ya jama'ar gida, ya mai koyo?

Takardarki ta iske ni ina yanka albasa, shi ya rufa mini asiri a gaban mutane. Jan san nan kuwa, ko da ƙahonsa biyu na zinariya ne na ba da shi.

Muna tsayawa na sa kwalin a aljihu na fita. Dado ya raka ni, wani tsoho ɗan Filifin mai kula da inji, shekararsa talatin a ruwa, ba tashar da bai san inda ake cin tuwo mai arha ba. Muka shiga kantin magani. Mai kantin baƙar mace ce kamar mu, da tabarau rataye a wuya. Na miƙa mata kwalin ina murmushi. Ta karanta ƙananan rubutun, ta buɗe wani littafi mai kauri, sai na ga ta turo mini kwalin da bakin biro, ko taɓawa ba ta sake yi ba.

Ta ce, "Ɗan'uwa, da ita ka shigo?"

Na ce, "Kwali ne kawai."

Ta ce, "To ka gode wa Allah. A nan shekara uku ke nan da hana ta. Layi ɗaya take da manyan ƙwayoyin da ke kai mutum kurkuku."

"Kafin nan fa?"

"Kafin nan ba ruwan kowa da ita."

Na ce, "To me ta yi?"

Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Ta yi suna ne kawai."

Na tambaye ta ina ake noma ta. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce in tambayi waɗanda suka buga kwalin, ta nuna mini adireshi a gefe, na Hamburg ne. Ina shirin ƙara tambaya Dado ya finciko rigata. A waje ya ce, "Kai kuku, kana da hankali kuwa? Nan gaba ka ɗauki kwalinka ka je ofishin 'yan sanda mana, su sun fi sani!"

Inna, tun ranar nake juya abin. Ƙwaya ɗaya, kwali ɗaya. A Komani tana zaune kusa da sabulu, a nan tana cin shekarun mutum. Ita ce take canzawa a hanya, ko idon masu kallo? Hamburg tana kan hanyarmu, sai dai da sauran tafiya. Duwatsun suna wurina, na adana.

Ki gaida Nowinile, ki ce mata ta riƙa cin abinci.
Ɗanki, Velile


Rotterdam,
9 ga Agusta

Inna,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata sanyi bai taɓa gwiwoyinki ba. Ki gyara zama, yau da labari na zo.

Mun fara tsayawa a Ingila. A gidan hutun ma'aikatan jirgi akwai wani tsohon jami'in kwastan da ya yi ritaya yana dafa wa mutane shayi, shayin kuwa kamar ruwan wankin kofi. Wannan karon na yi wayo, sunan kawai na kwafa a takarda. Ya duba ya ce ai su tun ba ta iso ba suka hana ta. Na ce yaya za a kori baƙon da bai zo ba? Ya ce dokarsu ba ɗaya-ɗaya take bi ba, dangi take kamawa. Ta ambaci kaka, ta ce duk abin da ya fito daga tsatsonta haramun ne, har wanda ba a haifa ba. Na ce, "Wato kamar a ce duk ɗan Jola mai laifi ne tun yana ciki?" Ya ce bai san Jola ba, amma haka ne.

Kwana ɗaya tak muka yi a ruwa muka iso nan. Dado ya kai ni wani kanti mai fentin shuɗi, ƙofa a buɗe, ɗan sanda yana wucewa a keke ko kallo bai yi ba. Mai kantin budurwa ce da zobe a hanci kamar san huɗa, amma akwai kirki. Ta ga kwalin ta tafa hannu.

Ta ce, "Kash, Baba, ka makara da sati huɗu! A kan wancan katakon take. Takarda ta fito, muka kwashe."

Na ce, "Sati huɗu da suka wuce halal, yau kurkuku?"

Ta ce, "Ranar Talata halal, ranar Laraba kurkuku."

Sai ta ɗauko wata ƙwayar ta ce ga ƙanwarta, abu kaɗan aka sauya, ita ba ta cikin takarda. Na ce har yaushe? Ta ce har hukuma ta koyi rubuta sunanta. Da ta ji daga inda na fito sai ta ce, "Ku ne kuka rage, ku more kafin a tuna da ku." Maganar gona kuwa ta ce ita mai sayarwa ce, ba ta taɓa tambaya ba.

Ingila ta kama dangi, nan suna bin su ɗaya bayan ɗaya kamar mai kamun fara, Amurka ta bari sai da ta yi suna. Kowa da tasa. Na rantse da ba don abin da ke gabana ba, da na ji daɗin wannan bincike.

Ya 'yata Funeka, ta zo hutu kuwa?

Ɗanki, Velile


Gefen kogin Tsomo,
1 ga Satumba

Ɗana Velile,

Gaisuwa. Gwiwoyina suna nan yadda ka san su, kada ka yi musu baki.

Takardunka biyu sun zo, na karanta har na mai zoben hanci, wadda na ga ka ba ta wuri mai faɗi. Kai abin yana ba ka mamaki, ni ko kaɗan. Marigayi mijina a wannan gefen layin dogo na Komani dattijo ne, a wancan gefen in ba fas, wato takardar izinin shiga gari, a aljihunsa ɓarawo ne. Mutum ɗaya, hula ɗaya. Mu ma masu magani doka ta taɓa rubuta mu cikin mayu, a gabana 'yan sanda suka fasa gangar malamata. Don haka hanin hukuma ba ya tsorata ni, izininta kuma ba ya gamsar da ni. Amma baƙon da gari uku suka kora, dole a tambayi gidansu. Wata abokiyar sana'ata a Cofimvaba ta haɗiye uku a tashi ɗaya, yini guda ana riƙe da ita tana neman faɗawa kogi. Sauran nawa na ƙulle su a jakar wuyana.

Ka tambayi Funeka. Ta zo, kakarta ta rako ta. Yarinya ta yi tsawo, shekara goma sha uku ba wasa ba. Ta tsaya a bayan shinge ta haɗa hannu ta gaida uwarta kamar mai gaida shugabar makaranta. Nowinile ta amsa da kyau, ba ta zubar da hawaye ba sai da suka sha kwana. Ni ma abin ya taɓa ni, ba dutse ba ce ni. Amma ƙa'ida ba tawa ba ce balle in rage mata tsawo.

Ka bar leƙe-leƙen kantuna, ka nemo mini rami.

MaGaba


Hamburg,
28 ga Satumba

Zuwa ga Inna MaGaba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina sanar da ke cewa na sami wurin. Wani daji ne a bayan gari, wani tsoho yana gadinsa. Itacen gajere ne, ganyensa kamar na lemo, saiwarsa fara. Na durƙusa, na kira sunan zuriyarmu, na zuba duwatsu bakwai a ramin, na rufe da ƙasa. Jirginmu zai iso gida cikin Disamba. A fara shiri.

Ɗanki mai biyayya,
Velile


Gefen kogin Tsomo,
20 ga Oktoba

Baban Funeka,

Ina gaishe ka, ina maka sannu da aiki. Inna ce ta ba ni izinin rubuta wannan, ta ba ni har da takardar da biro.

Wasiƙarka ta iso ran Alhamis. Da na ji an ce ka sami ramin, har na fara tunanin wace riga ce za ta shige ni cikin akwatina.

Inna ta kira ni bakin garke ta karanta a fili, sau uku. Sannan ta ninke ta ce, "Mutumin da ya cika takarda a kan zoben hancin wata, shi ne ya je har gidan magani ya rubuto layi shida? Ko sunan tsohon bai tambaya ba?" Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Ke mai koyon duba, duba mana. Ina duwatsuna?"

Baban Funeka, kalma ɗaya ce tsakanina da gida. In ce suna rami, shi ke nan. Na so in faɗa, Allah ya sani na so. Na rufe ido, na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Suna cikin safa ruwan ƙasa, an ƙulle bakinta, a ƙasan akwatinsa, ƙarƙashin kwat ɗin zuwa coci."

Sai Inna ta ce in rubuto in tambaye ka.

To ga shi na tambaya. In kuskure na yi, ka ce kuskure ne, za ta karɓi maganarka, in dawo gida a kanta. In kuwa daidai na faɗa, kada ka ji tausayina. Ba na son in zauna a ɗakina mutane suna kawo mini ciwonsu alhali a kan ƙarya aka yaye ni. Ka faɗi gaskiya ko da za ta ƙara mini wasu shekara huɗun. Na ji haushinka ƙwarai, kuma na san don wa ka yi.

Wani labarin, an faɗa a rediyo cewa mu ma ana shirin sa ƙwayar a takarda. Mai shagon Komani ya sauke ta daga kusa da sabulu, Baturen a-kori-kura kuwa ko ƙurarsa.

Ka riƙa sa rigar sanyi in za ka hau sama.

Matarka,
Nowinile


Las Palmas,
14 ga Nuwamba

Zuwa ga Inna, da Maman Funeka,

Ina gaishe ku, kaina a ƙasa.

Safar ruwan ƙasa ce. Ƙarƙashin kwat ɗin. Da na karanta sai da na zauna a kan buhun dankali, Dado ya ɗauka mutuwa aka yi mini.

Ga abin da ya faru. Adireshin ba daji ba ne, ofis ne a hawa na uku, saman shagon darduma. Na tarar da mutum ɗaya mai sanƙo yana cusa takardu a kwalaye. Ya ce a nan ana gardama a kanta tukuna, amma gemun maƙwabta ya kama wuta, shi ya sa yake shafa wa nasa ruwa. Na ce ni ba saye na zo ba, gonar nake nema. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Na kwance duwatsun na nuna masa, na gaya masa abin da aka aiko ni. Sai dariyar ta tsaya. Ya jawo mini kujera, ya ɗauki biro ya zana wani abu mai kusurwa shida kamar ɗakin zuma, da 'yan wutsiyoyi a jiki.

Ya ce, "Ga uwarta, ga ubanta. Ba ta da wasu."

Inna, ba a shuka ta, ba a haƙa ta. A tukwanen gilashi ake dafa ta, da ruwaye masu wari da ake kawowa a duro. Ya ce wani masanin kimiyya ne ya fara haɗa ta a Amurka, shekara ashirin da wani abu. Kin ji, gidan ubanta ma ya kore ta. Ƙasa ba ta taɓa ta ba, ruwan sama bai taɓa dukanta ba. Na ce to su waye mutane suke gani in sun sha? Ya ce wannan kam ya fi ƙarfin bironsa.

Akwai wata shuka a tukunya a lungun ofishin. Na ce a raina ko nan ne in zuba, a ce dai na zuba a ƙasa. Na taɓa ganyen, ashe roba ce. Daga ita na ari ganyen lemon da na rubuto miki.

Na sauko na zauna a bakin tasha ina tuna Funeka a bayan shinge da hannu a haɗe. A nan na rubuta ƙaryar. Ba wanda ya sa ni.

Ba ta da rami, Inna. Ga zanen na sa a ciki. Duk hukuncin da kika yanke na ɗauka, sai dai ina roƙo kada laifina ya hau kanta.

Maman Funeka, ki yafe mini. Amma don Allah, yaya aka yi kika gani?

Velile


Gefen kogin Tsomo,
2 ga Disamba

Velile,

Gaisuwa, ko da ba ka ci ta ba.

Ganin ƙwaya na soke shi. Sauran ƙwayoyin na haƙa musu rami a bayan shinge na binne tare da zanen, marainiya ce, ba a jefar da ita a bola. Ka dawo mini da duwatsuna a zuba a kai.

Jarrabawar ƙarshe ta mai koyo ita ce a ɓoye abu ta nemo. Shekara arba'in ina ɓoyewa, ban taɓa wuce bayan dutsen nan ba. Kai ka ɓoye a bayan teku, ta nemo, kuma ta faɗa alhali faɗar tana iya rufe mata ƙofar gida. Ta ci jarrabawa. Ko kakanni ne suka nuna mata, ko shekarun da ta yi tana wanke maka safa, ban tambaye ta ba, kai ma kada ka tambaya.

Jan sa mai karyayyen ƙaho ya tsira daga ƙwaya, amma bai tsira daga ƙaryarka ba, shi za a yanka. Ka koro shi da kanka ran ashirin ga wata, da ƙafa, Funeka a gabanka.

Ka zo ka ɗauki matarka.

MaGaba